H.G. Wells: Yaron kantin yadi da ya ƙago na'urar ratsa zamani

Rabin daɗin shirin talabijin mai dogon zango a muhawarar da ke biyo bayansa yake. Masu bibiyar Labarina ko Kwana Casa'in sun san haka, domin da zarar an kammala fitowar mako sai hasashe ya ɓarke a ofisoshi da rumfunan kasuwa da teburin mai shayi, kowa na faɗin inda yake ganin labari zai dosa. Sai dai a duk nau'o'in shirye-shirye babu mai haddasa cacar baki tsakanin masu kallo kamar wanda aka gina a kan ratsa zamani, wato mutum ya bar yau ya koma shekarun baya, ko ya tsallaka zuwa waɗanda ba su zo ba tukuna.

Shirin nan na ƙasar Jamus mai suna Dark, wanda Netflix ya nuna a zango uku daga 2017 zuwa 2020, ya isa misali. Yara ne ke ɓacewa a wani ƙagaggen gari da ake kira Winden, sai bincike ya kai ga wani kogo da ke haɗa shekarun 1953 da 1986 da 2019, tsakanin kowace da mai bi mata shekara 33. Labarin ya sarƙe har ta kai wata mace ta zama uwar mahaifiyarta, masu kallo a ƙasashe da dama kuma suka koma zana salsalar iyalan garin a takarda don kada su ɓace. A cikin shirin akwai wani tsoho mai gyaran agogo da ake kira H.G. Tannhaus. Haruffa biyun farko na sunansa girmamawa ce ga marubucin Ingila Herbert George Wells, mutumin da ake jingina wa yaɗuwar tunanin na'urar ratsa zamani a duniya.

Wanda ya bi tarihin wannan marubuci zai ga cewa sarƙaƙiyar lissafin shekaru ba ta dame shi sosai ba. Abin da ya tsaya masa a rai tambaya ce da ya taso da ita tun yana yaron kanti: ina al'umma za ta ƙare idan tazarar da ke tsakanin masu aikin wahala da masu cin moriyarsa ta ci gaba da faɗaɗa?

Haihuwa da tasowa

An haifi Wells ranar 21 ga Satumba, 1866, a garin Bromley da ke kudu maso gabashin Landan. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Joseph Wells, tsohon mai kula da lambu ne da ya koma riƙe ƙaramin kantin sayar da tangaran da kayan wasanni. Kantin bai cika ciniki ba, don haka abin da yake samu a wasan kurket, wanda ya ƙware a kansa, shi ke rufa wa gidan asiri. Mahaifiyarsa, Sarah, ta yi aikatau a gidan masu hannu da shuni kafin aurenta.

Karaya biyu ne suka juya rayuwarsa. A 1874 ya karye a ƙafa, ya yi makonni a kwance, mahaifinsa yana aro masa littattafai daga ɗakin karatu na garin. Daga nan son karatu ya kama shi. A 1877 kuma mahaifin ya karye a cinya, wasan kurket ya ƙare, talauci ya shigo gidan da ƙarfinsa. Bayan shekara uku mahaifiyar ta koma aikatau a Uppark, wani katafaren gidan attajirai a yankin Sussex, inda aka ɗora ta a kan sauran masu aikin gidan. Aka cire yaron daga makaranta yana ɗan shekara 13, aka kai shi koyon sana'a, kamar yadda aka yi wa yayyensa maza biyu.

An gwada shi a kantin yadi a Windsor, ba a daɗe ba aka sallame shi. Ya ɗan taɓa koyarwa, ya zauna a kantin magani a Midhurst, sannan a 1881 aka kai shi wani babban kantin yadi a Southsea. A can ya yi kimanin shekara biyu yana aikin awa 13 a rana, yana ninke yadi, yana share dandamali, da dare kuma ya kwana a ɗaki ɗaya da sauran yaran kantin. Daga baya ya zuba wannan rayuwa a littattafansa biyu, Kipps na 1905 da The History of Mr Polly na 1910, waɗanda har yau ake ƙirgawa cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan ƙananan 'yan kasuwar Ingila.

Gidan da ke da sama da ƙasa

Duk lokacin da aka sallame shi daga wani wuri, wajen mahaifiyarsa a Uppark yake komawa. A gidan akwai ɗakin karatu, inda ya karanta Plato da Jonathan Swift da Voltaire, ya kuma tsinci tsohon madubin hangen taurari ya harhaɗa shi. Akwai kuma wani abin da ya gani wanda bai taɓa mantawa ba. Masu gidan suna zaune a sama cikin haske da iska, masu yi musu hidima kuwa a ƙasa suke wuni. An haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa ɓangaren girki da babban gida, domin a kai abinci ba tare da baƙi sun ga masu ɗauke da shi ba, iska kuma ta wasu ramuka take shigar musu daga sama. Masu nazarin rubuce-rubucensa da yawa sun danganta waɗannan hanyoyi da duniyar ƙarƙashin ƙasa da ya siffanta daga baya.

A 1883 ya yi wa kantin Southsea tawaye, ya taka a ƙasa har Uppark, ya shaida wa mahaifiyarsa cewa ya gama da sana'ar yadi, duk da cewa ta riga ta biya kuɗin koyon. Makarantar Midhurst ta ɗauke shi ɗalibi mai taimaka wa malamai. Ya duƙufa a kan karatu, ya ci jarrabawa da kyau, a 1884 gwamnati ta ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar horar da malaman kimiyya da ke South Kensington a Landan, tare da alawus na sule 21 a mako.

A nan ya zauna a gaban Thomas Henry Huxley, babban malamin ilimin halittu kuma mai kare ra'ayin Charles Darwin. Darasin da ya fi tasiri a kansa shi ne cewa sauyin da ke samun halittu a tsawon zamani ba kullum yake zama ci gaba ba. Halitta na iya komawa baya idan ta daina amfani da ƙarfinta ko basirarta. Bayan shekarar farko sha'awarsa ta karkata ga muhawarar siyasa da mujallar ɗalibai, ya faɗi jarrabawa a 1887, ya fita ba digiri. Sai a 1890 ya samu digirin kimiyya na Jami'ar Landan a matsayin ɗalibin waje.

Koyarwa ya kama, amma jiki ya ƙi. A wata makaranta a yankin Wales ya ji rauni a ƙoda a filin ƙwallo, ya kuma yi fama da ciwon huhu har yana tarin jini. Ya auri 'yar'uwarsa Isabel a 1891, auren bai yi ƙarko ba, a 1895 ya auri tsohuwar ɗalibarsa Amy Catherine Robbins, wadda ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, ta kuma riƙe masa harkokin rubutu har rasuwarta a 1927. Rashin lafiyar ce ta raba shi da aji, ta mayar da alƙalami hanyar cin abincinsa.

Littafin da ya fito da shi

Tunanin mutum ya farka a zamanin da ba nasa ba daɗaɗɗe ne. Musulmi sun san ƙissar As'habul Kahfi da ta zo a Alƙur'ani, ta samarin da suka yi barcin shekara 309 a kogo, wadda aya ce ta ikon Allah, ba ƙagaggen labari ba. A fagen adabi kuwa, Ba'amurke Washington Irving ya rubuta labarin mutumin da ya yi barcin shekara 20 tun a 1819, Bamisire Muhammad al-Muwailihi kuma ya fitar da littafinsa Hadisu Isa bin Hisham a 1907, inda wani basarake ya tashi daga kabari ya tarar da Alƙahira ta sauya masa. A duk waɗannan, mutum ba shi ke riƙe da linzami ba. Abin da Wells ya kawo shi ne ya danƙa linzamin a hannun ɗan Adam ta hanyar na'ura, ya tafi lokacin da ya so, ya tsaya inda ya ga dama. Wani marubucin Sifaniya, Enrique Gaspar, ya riga shi siffanta irin wannan na'ura a 1887, amma littafinsa bai yaɗu ba.

Wells ya fara gwada labarin a mujallar ɗalibai a 1888, ya yi ta sake masa fasali, har editan mujallar New Review, W.E. Henley, ya biya shi fam 100 ya buga shi kashi-kashi daga Janairu zuwa Mayun 1895. A cikin watan Mayun ya fito a matsayin littafi da sunan The Time Machine, wato Na'urar Ratsa Zamani. Marubucin yana da shekara 28.

Labarin ya fara ne a teburin cin abinci a unguwar Richmond. Wani masanin kimiyya da ba a ambaci sunansa ba yana bayyana wa baƙinsa cewa kowane abu yana da tsawo da faɗi da kauri, kuma lokaci shi ne ma'auni na huɗu, don haka za a iya tafiya a cikinsa kamar yadda ake tafiya gabas ko yamma. Bayan mako guda ya shigo musu a galabaice, tufafinsa sun yi kaca-kaca, ya ce daga shekara ta 802,701 yake.

A can ya tarar da wasu mutane ƙanana kyawawa da ake kira Eloi, suna zaune a tsofaffin manyan gine-gine, suna cin 'ya'yan itatuwa, ba noma, ba saƙa, ba karatu, ba sa ma damuwa idan ɗayansu na nutsewa a kogi. Wani abin lura shi ne matafiyin da kansa ya zama kamar mai kallon shiri mai dogon zango, yana gina hasashe yana rushewa. Da farko ya ɗauka ɗan Adam ya ci nasara a kan yunwa da cuta, jin daɗi ya raunana shi. Da aka sace na'urarsa, ya gano rijiyoyi masu zurfi da ƙarar injuna a ƙasa, inda wasu halittu farare masu gudun haske da ake kira Morlock suke zaune, sai ya sauya ra'ayi: Eloi jikokin masu dukiya ne, Morlock kuma jikokin ma'aikatan da aka tura ƙarƙashin ƙasa, har yanzu suna yi wa iyayen gidansu bauta. Daga bisani gaskiya mai ɗaci ta bayyana masa. Morlock suna tufatar da Eloi suna ciyar da su ne kamar yadda makiyayi ke kiwon dabbobinsa, dare na yi su fito su kama na yanka.

Bayan ya ƙwato na'urarsa ya ƙara gaba da shekara miliyan 30, ya ga rana ta yi ja tana dusashewa, duniya ta yi tsit. Ya dawo ba shi da wata shaida sai furanni biyu da wata yarinyar Eloi mai suna Weena ta sa masa a aljihu. Baƙinsa suka rabu: editan jarida ya ɗauki zancen ƙarya, likita ya kasa gane irin furannin. Washegari ya sake hawa na'urar da kyamara a hannu, kuma har littafin ya ƙare, bayan shekara uku, bai dawo ba. Mai ba da labarin ya rage yana tunanin ko baya ya koma ko gaba ya yi. Wannan ƙofa da aka bari a buɗe ita ce mafarin hasashen masu karatu, har a 1995 marubuci Stephen Baxter ya fitar da ci gaban labarin da izinin magadan Wells.

Hasashen masu karatu da amsar kimiyya

Matafiyin Wells bai taɓa komawa baya don sauya abin da ya wuce ba. Masu karatu da marubutan da suka biyo baya ne suka tono wannan matsala: idan mutum ya koma ya hana kakansa aure, wa zai haife shi har ya yi tafiyar? Amsoshin da aka bayar su ne har yau suke raba kan masu kallo. Wasu sun ce abin da ya faru ya faru, duk yunƙurin sauya shi ma yana cikin abin da ya jawo shi, kuma a kan wannan aka gina yawancin shirin Dark. Wasu sun ce kowane sauyi yana tsaga zamani gida biyu, kowane reshe ya kama hanyarsa.

Kimiyya ta ba Wells gaskiya ta wani ɓangare. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya tafiya bai ɗaya ga kowa, a 1908 kuma Hermann Minkowski ya haɗa lokaci da sarari a lissafi guda mai ma'auni huɗu. A 1971 aka ɗora agoguna masu tsananin daidaito a jiragen sama suka zaga duniya, aka tarar sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna. Agogunan taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda taswirar wayar hannu ta dogara da su, suna gaba da na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, dole sai an gyara wannan bambanci. Komawa baya kuwa babu wanda ya nuna hanyarsa. A 2009 masanin kimiyya Stephen Hawking ya shirya wa matafiyan zamani walima a Cambridge, bai fitar da goron gayyata ba sai bayan an tashi, kuma babu wanda ya halarta.

Abin da labarin ke faɗa wa Kano

Ga mazaunin birnin Kano, ɓangaren labarin da ya fi kusa da gida shi ne na masu sama da masu ƙasa. Wutar da ke kunna fankar ofis da firjin kanti ta babbar tashar rarraba lantarki ta Kumbotso take biyowa. Wani kaso na ruwan famfon birni daga matatar Challawa da ke Panshekara yake fitowa. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama kuwa, da yawansu daga filayen noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suke, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A can akwai manomin da ke kwana a bakin kwalbati yana jiran layin ban-ruwa, da ɗan ƙwadagon da ke dashen shinkafa cikin taɓo, da matan da ke turara ta, da masu lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan kafin su iso kasuwar 'Yankaba.

Mai saye a birni bai cika tuna su ba sai ranar da kaya suka yanke. An ga haka a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonakin yankin Kadawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo daga Kano har Legas. Wells bai zagi ma'aikaci ba, bai kuma yabi mai hutu ba. A labarinsa ɓangarorin biyu duk sun lalace, kuma nisan da ya shiga tsakaninsu ne ya lalata su, har kowanne ya daina ganin ɗan'uwansa a matsayin mutum.

Rayuwarsa ta kuma nuna maganin. Gurbin karatu guda ɗaya ne ya fitar da shi daga bayan kanta. A Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa akwai tsohuwar al'adar da ke yin irin wannan aiki, wato ubangida ya yaye yaronsa bayan shekarun hidima, ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Muddin irin wannan tsani yana nan, a kasuwa da makarantar gwamnati, ɗan mai dashen shinkafa zai iya zama injiniyan madatsar ruwa. Ranar da aka janye shi, an kama hanyar da Wells ya yi gargaɗi a kanta.

Shahara da tuntuɓe

Littattafai suka biyo baya a jere: The Island of Doctor Moreau a 1896, The Invisible Man a 1897, sai The War of the Worlds a 1898, inda halittu daga duniyar Mars suka mamaye Ingila da makaman da babu mai iya tare su. A farkon littafin ya tuna wa Turawa abin da suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya. Shekara biyar bayan fitowarsa, a Fabrairun 1903, sojojin Birtaniya suka fasa ganuwar Kano da manyan bindigogi. Ya siffanta tankokin yaƙi a 1903, da ruwan bama-bamai daga sama a 1908, da bam ɗin nukiliya a littafinsa The World Set Free na 1914. Masanin kimiyya Leo Szilard, wanda ya karanta wannan littafi a 1932, shi ne ya gano tushen sarrafa makamashin nukiliya a shekarar da ta biyo.

Ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu ta Fabian a 1903, ya yi rigima da shugabanninta, ya fice a 1908. Sau biyu ya tsaya takarar majalisa a jam'iyyar Leba, a 1922 da 1923, bai ci ba. Littafinsa na tarihin duniya, The Outline of History na 1920, an sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Ya gana da Lenin a 1920, ya gana da Roosevelt da Stalin a 1934. A wannan shekarar, kasancewarsa mai ciwon sukari, ya haɗa kai da likita R.D. Lawrence suka kafa ƙungiyar masu ciwon a Birtaniya. 'Yan Nazi sun ƙona littattafansa a 1933.

Bai tsira daga aibu ba. A littafinsa Anticipations na 1901 ya rubuta maganganu masu muni a kan raunana da al'ummomin da ba farar fata ba, yana ganin duniyar gobe ba ta da wurinsu. Wanda ya yi gargaɗi kan raba mutane gida biyu sai ga shi ya faɗa ramin da kansa. Daga baya ya sauya: bayan ziyarar Amurka a 1906, inda ya gana da Booker T. Washington, ya soki wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata, a 1940 kuma ya fitar da littafi kan haƙƙin ɗan Adam wanda ya taimaka wajen share fagen sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Mu'amalarsa da mata a wajen aure ta jawo masa abin kunya, George Orwell kuma ya soke shi a 1941 da cewa yawan dogaro da kimiyya ya hana shi fahimtar haɗarin Hitler.

Daga rediyo zuwa Jos

Tun yana raye ya ga yadda masu sauraro ke ɗaukar ƙagaggen labari. Ranar 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya gabatar da The War of the Worlds a rediyon CBS cikin sigar labarai da ɗumi-ɗuminsu, wasu Amurkawa suka zaci gaskiya ne suka firgita, ko da yake masu bincike sun nuna daga baya cewa jaridu sun zuzuta girman ruɗanin. BBC ta nuna The Time Machine kai tsaye a talabijin a Janairun 1949, fim ɗin George Pal ya fito a 1960, wani kuma a 2002 wanda tattaɓa-kunnensa Simon Wells ya ba da umarni.

Mafi daɗewa a cikin shirye-shiryen da suka gaji tunaninsa shi ne Doctor Who, wanda BBC ta fara ranar 23 ga Nuwamba, 1963, har a 1985 aka sa Wells kansa, yana saurayi, a cikin taurarin wani labarinsa. Wannan shiri yana da alaƙa da Arewacin Nijeriya. BBC ta goge faya-fayan fitowa da yawa na shekarun farko, amma kafin nan ta sayar da kwafinsu ga tashoshin ƙasashen waje. Masoya shirin sun shafe watanni suna yaɗa jita-jita cewa an gano wasu a Afirka, sai a Oktoban 2013 BBC ta tabbatar da cewa wani mai farautar tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, ya samo fitowa tara da suka ɓace a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Na shekarun 1967 da 1968 ne, kuma samunsu ya rage adadin waɗanda ake nema a lokacin daga 106 zuwa 97. A adabin Hausa ma irin wannan ƙagaggen labarin kimiyya ya samu gurbi tun 1969, lokacin da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ƙarshen rayuwa

Wells ya ƙi barin Landan lokacin da jiragen Jamus ke yi mata luguden wuta a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rayu har ya ji labarin bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a Agustan 1945, makamin da ya siffanta shekara 31 kafin nan. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a wannan shekarar, cike yake da yanke ƙauna game da makomar ɗan Adam. Ya mutu ranar 13 ga Agusta, 1946, a gidansa da ke kusa da Regent's Park a Landan, yana da shekara 79. An ƙona gawarsa, aka watsa tokar a teku a kudancin Ingila. Sau huɗu aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel ta adabi, bai samu ba.

Ya bar littattafai fiye da 100, amma ƙaramin nan na 1895 ya fi sauran tsawon rai. Masu shirya fina-finai sun ɗauki na'urar, masu kallo sun ɗauki wasan hasashe, kowane sabon shiri na zuwa da nasa kogon da nasa lissafin shekaru. Tambayar yaron kantin Southsea kuwa tana nan inda ya ajiye ta, kuma amsarta ba ta buƙatar tafiyar shekara 802,701. Ana iya fara nemanta a tazarar da ke tsakanin filayen shinkafar Kura da teburin cin abinci a cikin birni.